Yadda ake shiga duwatsun Alps bayan an kwana ana zuba dusar ƙanƙara

Ranar farko da gari ya washe bayan guguwa tana cikin ranakun da zaftarewar dusa ta fi cin mutane a duwatsun Alps na Turai. Rana ta fito, dutse ya yi fari fat, kowa na ɗokin fita, alhali sabuwar dusar ba ta kama ta ƙarƙashinta ba tukuna. Tana zaune ne kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan gero: ka taka gefe guda, duk ta tafi da kai. Yawancin waɗanda dusar ke binnewa, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita da nauyin ƙafarsu.

Shiri daga ɗaki yake farawa. A Switzerland, cibiyar binciken dusa da zaftarewarta, SLF, da ke garin Davos tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa da yamma, ta sabunta ta da safe. Ma'aunin haɗarin da ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993 mataki biyar ne. Mataki na 4 da na 5 ba sa buƙatar dogon tunani, zama ya kama ka. Na 3 shi ne mayaudari, don mutum yana ganin lambar tsakiya ce, ba ta kai ta kawo ba, amma kusan rabin mace-macen zaftarewar dusa a ƙasar a kansa ake yin su. Kada ka tsaya a kan lambar kaɗai. Sanarwar tana faɗin tsayin da haɗarin ya fara da kuma fuskar dutsen da ya fi muni, arewa ko gabas, kuma a nan amfaninta yake.

Sai ka buɗe taswira ka duba gangara. Dusar da ke tsinkewa fale-fale ta fi yin haka a gangarar da ta kai digiri 30 zuwa 45. Bayan guguwa, zaɓi hanyar da ba ta kai 30 ba, ka kuma ɗaga kai ka ga abin da ke samanka, domin fili shimfiɗaɗɗe a gindin gangara mai tsini shi ma wurin binnewa ne.

Kaya uku ba a barinsu: na'urar gano wanda aka binne, mai aika sigina da neman ta wani a kan zangon kilohaz 457, da sandar da ake sokawa cikin dusa a taɓo mutum, da shebur na ƙarfe. Na'urar a jiki ake ɗaure ta, cikin riga, ba a jaka ba. Kafin a tashi, mutum ɗaya ya gwada ta kowa.

A hanya, ido da kunne su yi aiki. Iska tana kwashe dusa daga wannan fuska ta jibge ta a bayan tudu, kuma wannan jibgin ne ya fi saurin ɓallewa. In ka ji dusa ta yi "wuf" ta nitse a ƙarƙashinka, ko ka ga tsaga ta gudu daga ƙafarka, ko ka hango inda wata ta zaftare kwanan nan, juya. Sawun wasu a gabanka ba shaidar komai ba ne. In tilas ne a ratsa wuri mai shakka, a bi ɗaya bayan ɗaya, saura na kallo daga inda ba za ta same su ba.

In ta faru, kafa ido a inda ka ga mutumin na ƙarshe. A kira lambar gaggawa 112, ko 1414 na jiragen ceto na Rega a Switzerland, amma kada a zauna jiran jirgi. Binciken da aka yi a ƙasar ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na tsira in an tono su cikin minti 15, zuwa minti 35 kuwa ya faɗo wajen kashi 30. Kowa ya mayar da na'urarsa kan nema, a soka sanda, in ta taɓa shi a bar ta a wurin, a fara haƙa daga ƙasan gangara, a buɗe masa baki da hanci tukuna. Wani kuma ya tsaya yana duban sama: a lardin Van na Turkiyya, a Fabrairun 2020, zaftarewa ta biyu ce ta rufto wa masu aikin ceto, aka rasa rayuka sama da 40 a cikin kwana biyu.