Iska ba ta san da'irarku ba: kurakuran sababbin masu aikin haɗarin nukiliya

Duk sabon rukunin da aka kawo mini atisaye, na san abin da za su fara yi tun kafin su taɓa komai. A shimfiɗa musu taswira, a nuna inda aka ce abu ya fashe, sai ka ga an zana da'ira tsaf, wai na ciki yana cikin haɗari, na waje ya tsira. Na gaji da goge wannan da'irar.

Ni ma na taɓa zana ta, kuma ta ja mini. A atisayen farko da aka ba ni jagoranci, na kafa tantin wanke mutane a wajen da'ira, ina ta jin daɗin kaina, ban ɗaga kai na dubi tutar da ke kaɗawa a gefe ba. Ashe daidai inda iska ta dosa na kafa shi. Masu shirya atisayen sun saki wata hoda marar illa wadda ba ta bayyana sai a ƙarƙashin fitila ta musamman. Da aka haska mu da yamma, hulata, girata, har takardar da nake rubutu a kai duk suna ƙyalli. Aka karɓe jagorancin, na maimaita horon daga farko.

Ƙurar nukiliya doguwar jela take yi ta bi iska, kuma inda ruwan sama ya tare ta, nan take zuba. A Fukushima ta Jafan, a watan Maris na 2011, an kwashe mutane daga kilomita 20 kewayen tashar nukiliyar da ta yi haɗari, amma ranar 15 ga wata iska ta juya arewa maso yamma, ruwa da dusar ƙanƙara suka sauko da ƙurar. Ƙauyen Iitate da ke wannan ɓangaren, mai nisan kusan kilomita 40, sai daga baya aka tashe shi. Wasu mutanen garin Namie ma da suka gudu, wannan ɓangaren suka nufa. Ni dai yanzu kafin in buɗe taswira sai na ɗaura ƙyalle a sanda na kafa, kuma duk rabin awa akwai wanda aikinsa kawai ya zo ya faɗa mini ko iska ta sauya. Wasu suna ganin kwamfuta ta wadatar. Su suka sani.

Kuskure na biyu shi ne taɓa abu da bakin na'urar awon tururin nukiliya, wato haskensa mai illa da ba a gani. Haba jama'a! Wata rana ruwan tekinishiyam, wani sinadari mai fitar da wannan tururin, ya zube a wani ɗakin aiki, cikin rawar jiki na goga bakin na'urar a jiƙaƙƙen tebur ban lura ba. Daga nan duk wanda na auna sai na'ura ta yi ta ƙara. Na sa abokan aiki suka tuɓe riguna, suka wanke hannu har fata ta yi ja, alhali ba abin da ya taɓa su. Na'urar ce take auna dattin kanta. Allah ya sa awa 6 sinadarin ke yi ƙarfinsa ya ragu da rabi, amma kunyar ta fi haka daɗewa. Tun ranar nake sa wa bakin siririyar leda, in riƙe shi kamar santimita 1 daga jiki, in tafi a hankali, in kuma koma gefe in sake duba ta bayan kowane mutum. Ku sani dai ledar tana tare nau'in tururin da ake kira alfa, don haka idan shi ake nema sai a cire ta.

Kuma don Allah ku riƙa auna wuri mai tsabta tukuna. Ko'ina a duniya akwai tururi na asali, galibi wajen maikirosibat 0.1 a awa, maikirosibat kuwa ma'aunin yawan tururin da jiki ke samu ne. Wanda bai san wannan ba, ƙarar farko zai tayar wa kowa da hankali. Ku kuma karanta ma'aunin da kyau, domin milisibat 1 maikirosibat 1,000 ne.

Wanda tururi ya ratsa kawai ba ya shafa wa kowa komai. Wanda ƙura ta hau ne ake wankewa, kuma cire tufafin sama kaɗai na iya raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar. Idan yana zubar da jini, a tsayar da jinin tukuna. A Goyaniya ta Burazil, a 1987, garin siziyam-137, wani sinadari mai tururi da shuɗin haske, ya bi hannu zuwa hannu daga wata na'urar asibiti da aka yasar. An auna mutum kusan 112,000, aka sami ɓurɓushi a 249, mutum 4 suka rasu.

Ƙwayar aidin da ake rabawa in haɗarin nukiliya ya auku kuwa, halittar wuyan nan mai kumbura ta zama maƙoƙo kaɗai take karewa, daga aidin-131, nau'in aidin mai tururi. Ba ruwanta da siziyam, kuma ba a sha sai hukuma ta ce a sha. Tsohuwar na'urar awo ta Geiger idan tururi ya yi mata yawa tana iya komawa sifili, saboda haka in allura ta haura sannan ta faɗi kwatsam, ku ja da baya. Batir ma ku duba shi tun kafin a tashi mota.