Yadda zaka bi salsalar tsiron da babu shi ko ina sai a tsibiri ɗaya

'Yan uwa ɗalibai da ke karatun tsirrai a nan Legas, in an baka aikin rubutu kan wannan batu, don Allah kar ka tafi Hawai ɗauko misali, ga tsibiran Tekun Gini nan kudu da mu, Biyoko da Principe da Sao Tome da Annobon, duk aman wuta ne ya tofo su a layi ɗaya da Dutsen Kamaru.

Kafin ka taɓa ganye ko ɗaya, fara tambaya: tsibirin nan ya taɓa haɗewa da babbar ƙasa? Nan ne aikin yake wallahi. Biyoko kusan kilomita 32 ne tsakaninsa da gaɓar Kamaru kuma ruwan wajen ba zurfi, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya teku ya ja baya da wajen mita 120, to a ƙafa ma sai ka taka ka je, bai rabu ba sai kamar shekara 10,000 da suka wuce, shi yasa tsirransa suke da yawa amma galibi irin na Kamaru ne. Sao Tome kuwa tunda ya ɓullo daga ƙarƙashin ruwa bai taɓa jingina da kowa ba, sama da kilomita 200 ne daga Gabon, duk abinda ka gani a dajinsa tsallako teku kakansa yayi. Ire-iren tsirransa basu kai na Biyoko yawa ba, amma da dama daga ciki nasa ne shi kaɗai.

Daga nan sai ka cire baƙi. Turawan Fotugal sun iso wajen 1470 babu kowa a Sao Tome, rake da koko da kofi duk kawo su akayi, kar ka sa su a lissafi.

Sai ka duba ƙwayar irin tsiron da kyau, ka tambayi kanka wa ya ɗauko shi. In ƙanana ne kamar ƙura, irin na furen da ake kira okid, iska ce. In yana da tsoka mai zaƙi, tsuntsu ko jemage ya haɗiye ya je ya kasayar acan. Wani kuma ruwa ne ya turo shi bisa gungume.

Toh sai tsawon dutse, wanda ni a ganina shi ɗalibai suka fi yiwa riƙon sakainar kashi. Ƙololuwar Sao Tome mita 2,024 ce, gindi zafi, tsakiya ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sama hazo da sanyi, kudu jiƙe sharkaf arewa da ɗan fari-fari. Iri ɗaya ya sauka, jikokinsa suka watsu kowa ya kama kwarinsa ba auratayya, shekaru dubbai bisa dubbai har suka daina kama da juna. Kalli Begonia baccata, dangin ɗan furen nan da ake sawa a tukunya, acan ya miƙe har ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Ko bishiyar Afrocarpus mannii da ke can saman dutsen, wadda aka sawa sunan Gustav Mann, wani Bajamushe masanin tsirrai, 'yan uwanta suna gabashi da kudancin Afirka, kamar dai Bahaushen Agege, haihuwar Ikko ne amma in ka bi kakanni sai ka tsinci kanka a Kano.

Neman dangin nan shine mataki na ƙarshe, da kwatanta fure da 'ya'ya, in da hali a haɗa da gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA. Ba sai ka yanki tikiti ba, akwai ɗakin adana busassun tsirrai a Jami'ar Legas, akwai babba a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, GBIF kuma, wato rumbun bayanan halittu na duniya, kyauta ne a intanet, data kawai zai ci. Amma ka karanta takardar da ke manne da kowane samfur, shekara da tsawon wurin da aka tsinko shi, don tsofaffin sau da yawa "Sao Tome" kawai aka rubuta shikenan, irin wannan bazai gaya maka a gindin dutse yake ko a sama ba.