Kurakuran da aka fi yi idan an ci karo da baƙuwar alama a LabVIEW

Wani ƙanena da ke karatun lantarki a nan Yamai ya turo mini hoto ta WhatsApp da tsakar dare, ya zagaye wani ɗan akwati da jan layi: "Yaya, wannan mene ne?" Hoton fuskar kwamfuta ne da ya ɗauka da waya, rabinsa duk hasken fitila. Kuskuren farko ke nan. Ya tambaye ni, alhali manhajar da ke gabansa ta fi ni sani.

LabVIEW, manhajar gina shirin kwamfuta wadda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986, ba a rubuta umarni layi-layi a cikinta. Alamomi ake jerawa a haɗa su da wayoyi, kuma suna da yawa, ba mai haddace su duka. Ka danna Ctrl da H, ƙaramar taga ta buɗe, wadda ake kira Aide contextuelle a ta Faransanci. Ɗora linzami kan alamar, sunanta da aikinta da abin da kowace ƙafa, wato wurin da ake haɗa waya, ke karɓa su fito. Ni a buɗe nake barinta kullum.

Sai masu canka daga zane. Alamomin da ke aiki da jeri, wato bayanai iri ɗaya da aka jera wuri guda, kusan kamarsu ɗaya, ƴan murabba'ai ne kawai, amma wata cirowa take yi, wata sakawa. Kama da wane ba ta wane. Gara ka duba launin wayar da ke shiga, shi ke nuna irin bayanin da take ɗauke da shi. Ruwan lemu lamba ce mai ɗigo, shuɗiya cikakkiyar lamba, koriya i ko a'a, ruwan hoda rubutu. In wayar ta yi kauri, jeri take ɗauke da shi. Ɗan jan ɗigon da ke bakin ƙafa kuwa, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka datti ne a gilashi, yana nuna manhajar ta sauya nau'in bayanin da kanta. Wani lokaci nan lissafi ke karkacewa.

Akwai alamar da ko ka kwana kana nema a jerin kayan aiki ba za ka gan ta ba, don wani ne ya gina ƙaramin shirinsa ya zana masa fuska. Danna ta sau biyu, ta buɗe ka ga cikinta. Idan alamar tambaya ce ta fito a akwatin, fayil ɗin ne bai biyo ba, galibi an kwafo babban shirin a kebul an baro ƴaƴansa. Koma wurin mai shi ka kwaso jakar gaba ɗaya.

Kada ka goge abin da ba ka gane ba don kawai kibiyar kunna shirin ta fito a karye. Danna karyayyiyar kibiyar, ta lissafo maka matsalolin.

Na ƙanen nawa, da ya ɗora linzami, ashe agogon jinkiri ne da malaminsu ya sa cikin zagaye, wato sashen da ke ta maimaita kansa, don kada shirin ya cinye ƙarfin kwamfuta. Har ya riga ya goge shi sau ɗaya.