Yadda za ka gane lokacin hawa da janyewar ruwan Tafkin Chadi

Duk mai son noma ko su a bakin Tafkin Chadi, ko a Baga yake ko Bosso ko Bol, ya daina lissafi da hadarin da ke saman kansa. Ba ruwan saman wurin ne ke cika tafkin ba. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawowa na Shari ne da Logone, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru suke tasowa, su haɗe a Njamena sannan su gangaro su zuba ta kudu.

To kunnenka ya koma Njamena. Shari yakan kai maƙura a can wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin mu nan damina ta riga ta ɗauke har an fara shanya amfani, shi kuwa tafkin bai gama cika sai Disamba ko Janairu, ana tsakiyar hunturu. Shi ya sa baƙo ke shuka a gaɓa a Oktoba yana ganin ƙasa a bushe, kwatsam ruwa ya zo ya shanye gonar ba ko ɗigon ruwan sama. Ka bari sai ya fara ja, ka riƙa bin danshin a baya da masara da wake, a kafa turke a bakin ruwa ana dubawa duk safiya don wurin shimfiɗe yake, ɗan ragi kaɗan sai ka ga fili ya buɗe mai nisa.

Sannan ka san a wane ɓangare kake. Tun farin da aka yi a 1973 tafkin ya rabu biyu, akwai tudu mai ciyayi a tsakiya, sai kudu ta ƙoshi tukuna ruwa ke tsallakawa arewa. Mutumin Ngigmi da ke ɓangaren arewa kada ya ɗauki lissafin mutumin Bol da ke ɓangaren kudu, nasa yakan makara, wata shekarar ma kusan ba ya zuwa.

In kana wajen Malam Fatori ko Bosso ka sa ido kan kogin Komadugu Yobe shi ma, ruwan Haɗeja da Jama'are ne, amma madatsun Tiga da Challawa sun rage masa ƙarfi. Kuma don Allah kafin ka shiga tsibirai ka tambayi masunta halin tsaro na wannan satin, ba na watan jiya ba.