Yadda Ake Karanta Alamomin Taurari a Zanen Dürer na 1514

Duk lokacin da tsohon zanen Turai, irin wanda ake karcewa a farantin tagulla a buga a takarda, ya shigo hannuna, ba na gaggawar tambayar me yake nufi. Takarda nake ɗauka in lissafa abin da ido ya gani. Na saba da haka ne a kan Melencolia I, wanda Albrecht Dürer na Nuremberg a Jamus ya yi a 1514.

Kai ma fara da lissafin: mace mai fukafukai ta yi tagumi, kamfas na zana da'ira a hannu, ramammen kare na barci, ga sikeli, agogon yashi, ƙararrawa, tsani, da jemage ɗauke da sunan zanen.

Sai ka nemi tauraron da ke mulkin wurin. Masu zanen wancan zamani sun ari allolin Girka da Rum, waɗanda taurari ke ɗauke da sunayensu, kowane da shaidarsa. Lauje na Zuhalu (Saturn) ne, gaggafa da aradu na Mushtari (Jupiter), takobi na Mirrihu (Mars). Wani sa'in ba a zana ubangidan ba, halinsa kawai ake nunawa. Nan ma haka ne. Likitocinsu sun ɗauka jiki yana da ruwa huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu, sauda'u, mai kawo baƙin ciki da zurfin tunani, yana ƙarƙashin Zuhalu. Marsilio Ficino, masanin falsafa ɗan Italiya, ya rubuta a 1489 cewa masana su ne suka fi kamuwa da shi. Tagumin nan ke nan.

Abin da na fi ƙauna shi ne hatimin da ke bango, mai gida goma sha shida. Haɗa lambobin a tsaye, a kwance ko a karkace, 34 za ka samu. Irin wannan hatimi na Mushtari ne, ana ganin yana sassauta nauyin Zuhalu, wato cuta da maganinta a takarda ɗaya. Duba layin ƙasa: 4, 15, 14, 1. Shekarar zanen ce a tsakiya.

Kada ka ɗora wa alama ma'anar yau. Buɗe littafin ma'anonin alamomi mai suna Iconologia na Cesare Ripa, na 1593, ka ga yadda mutanen lokacin suka fassara sikeli ko makulli. Dutse mai fuskoki da yawa da ke cikin zanen kuwa, har yanzu masana na jayayya a kansa, ni ma nakan rubuta shi a gefe in sa masa alamar tambaya.