Yadda ake gwajin ayodofom ba tare da an ji ciwo ba

Duk shekarar da na kai ɗalibaina na ajin ƙarshe kan wannan gwaji a makarantarmu da ke Samaru, sai wani ya ce, "Malam, warin asibiti nake ji." Gaskiyarsa, warin ayodofom ne, garin da gwajin ke fitarwa. Ayodofom, wato CHI3, garin ne mai ruwan ɗorawa da wani Bafaranshe, Serullas, ya fara haɗawa a 1822, an kuma daɗe ana barbaɗa shi a kan miki. Har yau likitocin haƙori na amfani da shi.

Da farko a buɗe tagogi, kowa ya sa tabarau da safar hannu. Sai a kashe duk wata wuta da ke kusa, domin etanol da asiton, sinadaran da ake gwadawa, ba sa wasa da ita. Ni ruwan zafi nake dafawa a waje in zo da shi a filas.

Ɗiga etanol kaɗan a bututun gwaji, ka zuba masa ruwan aidin har ya yi ja-ja kamar baƙin shayi. Yanzu ɗauko ruwan soda, irin wadda masu sabulu ke saye a Sabon Gari, amma wadda aka tsinka sosai. Ɗigo-ɗigo za ka sa, kana girgizawa, da zarar launin ya kusa gushewa ka dakata. Nan yara ke ɓata aiki: su kwarara soda, garin ya ƙi fitowa, su ce littafi ya yi ƙarya.

Tsoma bututun cikin ruwa mai ɗumin digiri 60 na 'yan mintuna, ka fitar ya huce. Za ka ga gari rawaya yana kwanciya a ƙasa, don ba ya narkewa a ruwa. In asiton ka sa maimakon etanol, ko ɗumin bai cika jira ba. Metanol kuwa shiru za ka ji, da haka ake bambance shi da etanol.

Kada ka kai hanci bakin bututu, kada ka taɓa garin, yana ratsa fata. Fiye da kashi 96 cikin 100 na nauyinsa aidin ne, don haka mai larurar maƙoƙo ya tsaya nesa. In aka gasa shi, hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Soda ta fi ba ni tsoro. Idan ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 15, sannan a nufi asibiti. Ragowar kuma a tara a kwalba mai duhu, a rufe, a rubuta suna a jiki. Kada a tuttular a kwata.