Babi na 6: Gyaran Kicin, Awo Kafin a Kira Birkila

Darasi na 1: A tambayi mai girki

Wannan babi na masu niyyar gyara kicin ne bana. Ku tanadi littafin rubutu, fensir, da tef na awo irin na kafintoci. Ana samun tef a shagunan kayan gini na kasuwar Sabon Gari da na Tudun Wada. Wanda bai samu ba ya ara wurin maƙwabci.

Malam maigida, kai ne mai biyan kuɗi, amma ba kai ke shan hayaƙin ba. Kafin ka yi magana da birkila, zauna da uwargida. In matan gidan biyu ne ko uku, a tambayi kowacce. Hajiya, ke ma kada ki ce "duk yadda kuka yi daidai ne". Faɗi abin da ke damunki.

A buɗe sabon shafi, a rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi. Da me ake girki: itace, gawayi, risho ko gas? A zaune ake girki kan kujera 'yar tsuguno, ko a tsaye? Ina ruwan wanke-wanke yake bi? Idan a tsaye ne, kantar girki takan kai ƙafa 3 daga ƙasa. Idan a zaune ake tuƙa tuwo, to gina doguwar kanta asarar siminti ce, domin tukunyar tuwo ƙasa za ta koma.

Darasi na 2: Awo

Nan ne gizo ke saƙa, saboda haka za mu bi a hankali. Kada kowa ya ji kunya. Akwai wanda ya shekara 30 yana kasuwanci bai taɓa riƙe tef ba.

Ja tef ɗin kaɗan ka duba. Yawancinsu layi biyu na lambobi gare su. Layin da lambobinsa suke nesa da juna shi ne inci. Layin da lambobinsa suke kusa da juna shi ne santimita. Inci 1 ya ɗan wuce santimita 2 da rabi. Mu inci za mu bi, domin da ƙafa da inci maginanmu suka fi magana. Ɗora yatsa a layin inci. Ka gan shi? To, shi kaɗai za ka riƙa kallo.

Inci 12 shi ne ƙafa 1. A faɗa da baki: inci 12, ƙafa 1. Inci 24, ƙafa 2. Inci 36, ƙafa 3. Wasu tef ɗin suna da alama ja ko baƙa a kan kowace ƙafa, wannan taimako ne.

A bakin tef akwai ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. Daga wannan ƙarfen awo yake farawa, ba daga lamba 1 ba. Sa yaro ya danna ƙarfen a jikin bango, can ƙasa daf da daɓe. Kai kuma ka ja har ɗaya bangon. Tef ya miƙe sosai, kada ya yi ciki. Karanta lambar da ta taɓa bango. Rubuta nan take, tun kafin ka saki tef.

Ga yadda ake rubutawa:

Tsawo: ƙafa 10, inci 4
Faɗi: ƙafa 8, inci 0

Dubi layin farko da kyau. Kalmar "ƙafa" tana nan, kalmar "inci" tana nan. Ba a rubuta 104 ba. Ba a rubuta 10 da 4 kurum ba. Wanda ya rubuta 104, gobe shi kansa ba zai san ko inci 104 yake nufi ba, wato ƙafa 8 da inci 8, ko kuwa ƙafa 10 da inci 4. Tsakaninsu akwai inci 20, ya fi tsawon bulo guda.

Yanzu a sake. Ƙarfe a bango, tef a miƙe, ido a layin inci, rubutu nan take. Idan awo na biyu ya zo daidai da na farko, madalla, ka iya. Idan ya bambanta, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Auna na uku. Tsoffin ɗakunan ƙasa na cikin Birni ba kasafai bangonsu yake miƙewa ba, don haka a auna faɗin ta bakin ƙofa, a kuma auna ta ƙurya, a rubuta duka biyun.

Sai tsayi, daga daɓe zuwa rufi. Sai faɗin ƙofa. Sai taga: faɗinta, tsayinta, da nisanta daga ƙasa. Kowanne da layinsa, kowanne da sunansa. Ƙarfe a farko, ido a layin inci, a rubuta "ƙafa", a rubuta "inci".

Na ga wasu suna auna ɗaki da taku, wasu da kamu. Haba Malam! Takunka da takun birkila ɗaya ne? Tela ba ya yanka shadda da ido, kai kuma za ka sayi tayil na dubban nairori da taku? Wasu kuma su auna daidai, su ce "na riƙe a kaina". Kafin su kai unguwar Kwangila ƙafa 10 ta zama 12. Don me muke zuwa aji idan ba za a rubuta ba? Littafi yana aljihu, fensir yana aljihu, a fito da su.

Idan kana son sanin girman daɓe, ninka tsawo da faɗi. Ƙafa 10 sau ƙafa 8 ya ba da 80. Wannan lambar za ka nuna wa mai tayil, shi zai gaya maka kwali nawa, domin girman tayil iri-iri ne. Ka ƙara kaɗan saboda wanda zai fashe wurin yanka.

Aikin aji: kowa ya auna tebur, sannan ƙofar aji. Ƙarfe a farko. Ba lamba 1 ba. Na sake faɗa, ba lamba 1 ba.

Darasi na 3: Iska da ruwa

Zana kicin ɗin a takarda, kusurwa huɗu, ka sa awonka a gefen kowane bango. Nuna ƙofa, nuna murhu.

Hayaƙin itace yana cin ido, yana sa tari, yara da ke goye sun fi kowa shan wahala. A fitar da taga a saman bango kusa da murhu, in da hali ta fuskanci ƙofa don iska ta ratsa. Gawayi ba ya yawan hayaƙi, amma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Lokacin hunturu mutane kan rufe ko'ina su hura shi, an sha rasa rai ta haka. Gas kuwa ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Mai girki da gas ya sa a bar ƙofar iska ta ƙasa, tukunyar gas ɗin ta tsaya a tsaye nesa da murhun itace.

Daɓe ya ɗan gangara zuwa bakin kwata. Ranar da aka gama, a zuba bokitin ruwa a gaban birkila a ga inda ya nufa.

Darasi na 4: Kuɗi

Ja layi uku a shafi, ka sami gida huɗu: kaya, yawa, kuɗin ɗaya, jimla. Buhun siminti kilo 50 ne, ko Dangote ko BUA. Bulo akwai inci 6 da inci 9, tsawon kowanne inci 18. Bangon raba ɗaki inci 6 ya ishe shi. Farashi yana canjawa, a tambayi shago uku. Ku ƙirga sifili: 5,000 sifili uku, 50,000 sifili huɗu. A karɓi rasit.

Kada a ba ma'aikaci kuɗin aiki duka. Kafin alƙalami tukuna, saura in ya gama. A rubuta abin da aka ba shi da kwanan wata a gabansa.

Darasi na 5: Lokaci

A yi aikin da rani, kafin ruwan watan Mayu, musamman in za a ɗaga kwano. Sabon siminti a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. A keɓe wa mata wurin girki a tsakar gida kafin a gama.

Aikin gida: a zo da awon kicin ranar Asabar. Wanda ya zo da lamba babu "ƙafa" babu "inci", zai koma ya sake.